Mai Shela da Maƙwabtan Ɓoye

Mijina mai shela ne, wurin mahaifinsa ya gada. Shekara huɗu ke nan da ya rasu, amma har yau in aka buga ƙarfe a waje, ko da mai gyaran bokiti ne ke wucewa, sai in saki abin da ke hannuna in kasa kunne. Daga nan sai kuka. Ba na ɓoyewa, na wuce shekarun jin kunyar hawaye. 'Yata da ke koyarwa a firamare ce ke rubuta wannan, don ni a boko ko sunana ban iya ba. Mun yi da ita in kuka ya zo ta ajiye biro ta jira ni, kada ta ce in yi haƙuri. Haƙurin ina yi, kukan ma ina yi.

Daga Aujara aka kawo ni wannan unguwa ta gefen Dutse, tun garin bai san zai zama babban birni ba. Shi ya sa Malam bai taɓa kirana da komai ba sai 'Yar Aujara, har na yi jikoki, har haƙorana suka zube.

Kayan aikinsa biyu ne: wata tsohuwar garma da ta cinye aka cire mata ƙota, da wata ƙatuwar ƙusa. In mai unguwa ya aiko, sai ya rataya garmar da igiya a hannu, ya fita bayan la'asar. Yana tsayawa a ƙofar masallaci, da bakin rijiya, da rumfar mahauta, da gindin dabinai inda tsofaffi ke dara. A kowane wuri ya buga sau uku, ya ce, "Jama'a a saurara, mai unguwa na gaishe ku!" Sannan ya sauke saƙo: an tsinci jar akuya, taki ya iso, gobe aikin gayya a hanyar maƙabarta, masu allurar yara na zuwa ran Talata kada wata ta ɓoye ɗanta a rumbu. Murya kam Allah ya ba shi. Ina tsakar gida ina tankaɗe nakan ji shi daga rumfar mahauta kamar a bayan kunnena yake tsaye.

Akwai wuri na biyar, duwatsun bayan unguwa. Can ba gida ko ɗaya, sai manyan duwatsu uku da suka jingina da juna, da kogo a tsakaninsu, da fili a gaba wanda ba mai nomawa. Kowa ya san da masu wurin. Ba ma kama sunansu kai tsaye, maƙwabta muke cewa, ko mutanen ɓoye. Ba bauta musu muke ba, wannan ina so a rubuta shi da kyau. Mun ɗauke su 'yan unguwa ne da suka riga mu zama. Allahn da ya halicce mu shi ya halicce su, cikinsu akwai na kirki akwai 'yan iska, kamar dai mu. Kuma ba a yi wa maƙwabci aiki a ƙofar gida ba a gaya masa ba.

In Malam ya isa can sai ya cire takalmi, ya buga garma sau ɗaya a hankali, ya sassauta murya. "Salamu alaikum masu wuri. Mai unguwa na gaishe ku. Jibi za a ƙona ciyawar gabas, a janye yara."

Ba kowane saƙo ake kai musu ba. Taki bai shafe su ba, allura ma haka. Amma shekarar ƙidaya ya je ya ce musu, "Za ku ga baƙi da alli suna rubutu a bango. Ku ba a ce a ƙirga ku ba, amma kada a tsorata su, yaran gwamnati ne." Da siyasa ta kankama, wani mai neman kansila ya tare shi a hanya, rabi wasa rabi gaske, ya ce, "Baba, mutanenka na bayan duwatsu fa, suna da kati?" Malam ya ce, "Suna da shi, amma sun ce irinka sun gani da yawa."

In aikin babba ne, wato za a haƙa ƙasa ko a fasa dutse kusa da su, sai an ba su kwana uku. Malam ya je yau, ya je gobe, ya je jibi. A safiyar ranar ƙarshe kuma aikin nawa ne. In dama fura da nono mai kyau, in rufe ƙwaryar da faifai, in kai bakin kogo in ajiye, in juyo ba waiwaye. Surukata ce ta koya mini tun ina amarya. Ta ce mutanen da aka ce su matsa da 'ya'yansu, ai a ba su abin da za su jiƙa maƙoshi. Da yamma in koma in ɗauko ƙwarya a lashe tas.

Ni ba yarinya ba ce, na san awakin unguwa na hawa wurin. Na taɓa gaya wa Malam.

Ya ce, "Ke kin taɓa ganin akuya ta buɗe faifai?"

Na ce, "Na ga akuya ta buɗe rumbu ma."

Ya ce, "To ke dai kin kai. Wanda ya sha, tsakaninsa ne da masu furar."

Da aka ba mu jiha, Dutse ta cika kamar an zazzage buhu. Ma'aikata daga Haɗeja, daga Kano, daga inda ban taɓa jin suna ba, kowa da katifa a kan mota yana neman ɗaki. Wajen Takur gine-gine suka tashi. Hanyoyin da jakai suka fitar aka zo ana auna su da igiya. Shela ta yi yawa har Malam ya fara shan zuma da citta saboda maƙogwaro.

A cikin shekarun nan ne aka zo shimfiɗa bututun ruwa, hanyar kuwa ta bi ta gefen duwatsun. Injiniyan wani saurayi ne mai hular ƙarfe, bai tambayi kowa ba ya sa katafila. Ta yi taku kaɗan ta mutu. Aka tayar da ita, ta sake mutuwa. A rana ta uku direban ya sauka ya ce shi yana da iyali. Sai ga injiniya a ƙofar gidanmu da hantsi, hula a hannu, yana ta kame-kame.

"Baba, an ce kai ne... wato an ce kana magana da... da mutanen yankin."

Malam ya ce, "Wane yanki? Ni duk unguwar nake wa magana."

"Na wajen duwatsu."

"Au, maƙwabta. Ka yi musu sallama kafin ka shiga?"

"Baba, ni takarda aka ba ni."

"To su ba su iya karatu ba, kamar matata."

Ina bayan ƙyaure ina jin su. Malam ya ba da kwana uku, na kai fura. A cikin kwana ukun nan kuma bakanike ya zo daga Kano ya canza wani abu a cikin katafilar. A rana ta huɗu ta tashi da ruri, ba ta sake tsayawa ba har ruwa ya zo unguwa. Mutanen gari suka ce Malam ne, ma'aikata suka ce bakanike ne. Su biyun kuwa suka zauna a zaure suka ci ɗanwake tare, kowa na cewa ai ɗan'uwansa ne ya yi aikin.

Haka muka zauna har shekarun da aka ƙaddamar da shari'a. Ni na yi murna, ba zan ɓoye ba. Ɗakin da ake sayar da giya a bakin titi ya rufe, masu awo suka daina lotsa gindin kwano, mata muka samu makarantar Asabar da Lahadi inda na gyara Fatihata da na yi shekara hamsin ina karanta ta a karkace. Aka kafa kwamitin unguwa, dattawa da matasa, suna zama a zauren mai unguwa. Wanda ya fi kowa magana a ciki wani malami ne matashi da ya dawo daga karatu, ana ce masa Ustazu. Ɗan maƙwabciyata ne. Ni na yi masa wankan farko, na goya shi har ya yi mini fitsari a baya ba sau ɗaya ba. Yaron kirki ne, ba ya cin na kowa, sai dai in ya ga abu ba daidai ba ba ya iya kwana da shi a ciki.

Ana nan sai labari ya zo cewa za a gina wa unguwarmu ɗakin haihuwa. Wanda bai ga mace na naƙuda a bayan babur ba ba zai san abin da wannan labari ya yi mana ba. Mata muka yi guɗa har mazan suka leƙo. Filin da ya rage a unguwar kuwa ɗaya ne, na gaban duwatsu.

Ɗan kwangila ya zo ya ja igiya, ya ɗauki masu haƙa daga cikin unguwa. Suka zo da diga da shebur suka tsaya cirko-cirko. Babbansu ya ce ba wanda zai sara ƙasar nan sai an gaya wa masu wuri. Ɗan kwangila ya ce shi ba ruwansa, in ba a zuba harsashi kafin ruwan sama ya sauka ba, akwai unguwar da ke jira da filinta a share.

Kwamiti ya zauna. Abin da zan faɗa yanzu daga baya na ji shi, kuma a nan ne duk abin ya karkace. Ustazu ya ce wannan al'ada ta kai wa iskoki abinci ba ta da wuri a unguwar da ta ce ta karɓi shari'a. Dattawa suka ce in ba a yi ba ba asibiti. Aka yi ta ja har liman, wanda ya tsufa ƙwarai ba ya son hayaniya, ya ɗaga hannu. Ya ce sanarwa daban, abinci daban. Ya ce ba da kwana uku yana da asali a littafi, Ustazu ma ya sani. Ustazu ya ce haka ne. Amma ajiye musu ƙwarya, in ji liman, wannan a bari, don daga nan zuciya ke fara dogara da wanin Allah. Aka tsaya a kan haka: shela kwana uku, ba fura, ba nono, ba komai. Aka juyo ga Malam aka ce ya ji? Ya ce ya ji, ya kuma ɗauki alkawari a gaban kowa.

To, ga halin mijina. Mutumin da ke gaya wa gari komai, gidansa ne ƙarshen ji. In ya dawo daga shela muryarsa ta ƙare, sai ya nuna buta da hannu, ya nuna tuwo da haɓa. Shi a ganinsa abin da duk unguwa ta sani ai matarsa ta sani. Matan unguwa kuma ba wadda ta ce mini uffan, don wa zai kai wa matar mai shela labari? Ai ni suke zuwa tambaya. Na ga ya tafi duwatsu ranar Litinin, ya tafi Talata. Na ƙirga da yatsa. Laraba da safe, yana can wajen jana'iza a wata unguwa, na dama furata.

Kuma ban yi ƙwauro ba. Na ce wannan karon ba matsawa kaɗan za su yi ba, gini za a dasa musu a ƙofa har abada, da kukan jarirai dare da rana. Na sa nono mai kauri, na ɗauko sabuwar ƙwarya. Na rufe da faifan da na fi ji da shi, mai ja da baƙi da kore a baki, irin saƙar garinmu. Duk unguwar ni kaɗai ke wannan saƙa. Rabin gidajen nan da faifaina suke rufe tuwo. Da na rubuta sunana a jiki ma, da na iya rubutu, ba zai fi haka bayyana ba.

Washegari masu haƙa suka zo, suka ga ƙwarya a bakin kogo, don na sha'afa ban ɗauko ta da yamma ba saboda baƙi da na yi. Ransu ya yi fari, suka ce yauwa, an yi abu yadda ake yi, suka kama sara da waƙa. Can sai ga Ustazu ya zo buɗe aiki da addu'a. Ya ga abin da suka gani. Ya ɗauki faifai ya nufi zauren mai unguwa.

Aka aiko kiran Malam bayan azahar. Ni ina gida ina tsince wake, ban san ana shari'ata ba.

Mai unguwa ya ajiye faifan a gabansa ya ce, "Ka san wannan?"

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara arba'in ina cin tuwo a ƙarƙashin irinsa."

Wasu suka yi dariya, Ustazu bai yi ba. Ya ce, "Baba, kai ka ɗauki alkawari a nan. Wa ya kai?"

"Daga gidana ya fito."

"Mun sani. Wa ya kai?"

"Abin da ya fito daga gidana ni na fitar da shi."

Kowa a zauren ya san wa ya kai. Amma Malam ba zai kama sunan matarsa a gaban maza a ce ga mai laifi ba, kuma ba zai yi ƙarya ya ce da hannunsa ya ɗauka ba. Aka yi ta juya maganar. Daga ƙarshe matasa suka ce tunda abin ya faru a fili, gyaransa ma a fili: ya zaga unguwa da garmarsa, ya faɗa cewa abin da aka ajiye a bakin kogo kuskure ne, daga gida kaza ya fito, kuma mai shi ta tuba. In ba zai iya ba, to wanda bai riƙe maganar kwamiti ba ba zai riƙa kai maganar kwamiti ba.

An ce Malam ya miƙe tsaye. Sannan ya ce, "Na yi shelar akuya, na yi ta ɓarawo, na yi ta mutuwar uwata da bakina. Wannan kam a nemi wani." Ya kwance igiyar daga hannunsa, ya ajiye garma da ƙusa a gaban mai unguwa, ya yi sallama.

Ya shigo gida hannu na dukan cinya. Na ce, "Malam, ina garma?"

Ya zauna a kan turmi ya ce, "'Yar Aujara, yau kin yi juyin mulki."

Da ya warware mini, sai na zauna a ƙasa. Sannan haushi ya taso mini.

Na ce, "Kai yanzu ka je ka gaya wa aljanu sau uku, matarka ko sau ɗaya ba ka gaya mata ba?"

Ya ce, "Su ba sa mayar da magana."

"Da ka tsaya a tsakar gidan nan ka buga garmar, ai da na ji!"

"Ba a taɓa sa gidan nan a cikin wuraren tsayawa ba."

Na yi dariya ina kuka, shi ma ya yi. Amma da ya tashi zai shiga ɗaki na ga yadda yake shafa hannunsa inda igiya ta yi masa kanta, sai na daina dariyar.

Ban jira ba. Na yafa mayafi na shiga gidan maƙwabciyata, na tarar da Ustazu a tsakar gida yana alwala. Ya gan ni ya sunkuyar da kai.

"Inna, sannu da zuwa."

"Riƙe sannunka. Ni na kai fura. Ga ni. In bulala ce a kawo, gadon bayan da ka jiƙa da fitsari ne, ya saba."

Uwarsa ta ce, "Faɗa masa dai, Yaya."

Ya ce, "Inna, wallahi ba ke nake nema ba, ba kuma Baba ba."

"To wa kake nema? Akuya?"

Ya ɗauko mini tabarma da kansa, ya zauna nesa kaɗan. Ya tambaye ni, in ban kai furar ba me nake jin zai faru? Na buɗe baki in ce ba komai, sai na kasa. Gaskiya ita ce a raina ina jin in ban kai ba wani abu zai samu masu haƙa, ko jariran da za a haifa a wurin. Na faɗa masa haka. Ya ce, "To wannan tsoron nake nema, Inna. Wanda zai tsare jarirai ba ya shan fura." Ya faɗa a hankali, ba da izgili ba. Na zauna ina juya maganar. Ni na ɗauka kara nake yi wa maƙwabta, ashe a ƙarƙashin karar akwai tsoro, ban taɓa ɗaga faifan na duba ba. Na yi istigfari a wurin, kuma da gaske na yi. Tun daga ranar ban sake kai ƙwarya ba.

Na ce, "To na tuba. A mayar wa mijina garmarsa."

Ya ce zai yi magana, kuma ya yi, wannan shaida ce zan ba shi har gaban Allah. Amma kwamiti ba mutum ɗaya ba ne. Wasu suka ce a bari ƙura ta lafa. Wasu suka ce sai bayan an gama gini. Kafin a gama gini, wani attajiri ya saya wa masallaci lasifika mai baki huɗu. Mai unguwa ya ga in ya aika da takarda, ladan zai karanta bayan sallah, har Takur ana ji, ba zuma ba citta. Ba wanda ya sake cewa an cire Malam, ba kuma wanda ya sake aikowa. Bayan shekara guda mai unguwa ya aiko da garmar da ƙusarta a naɗe a tsumma, da goro, ya ce kayan gado ne, su zauna a gidansu.

Malam ya rataye ta a bayan ƙyaure. Ya koma gonarsa da dabinansa guda shida. In lasifika ta fara, sai ya karkata kai yana saurare kamar mai ɗanɗana miyar wata.

"Ji fa, ya fara da saƙo bai gai da mutane ba."

"Ji fa, ya ce akuya bai faɗi launinta ba. Duk garin nan wa ba shi da akuya?"

Nakan ce, "To tashi ka je ka gyara masa."

Ya ce, "Ni an yi mini ritaya. Matata ce ta sa hannu."

Bai taɓa faɗar haka da ɗaci ba, ko sau ɗaya. Ni ce dai nake jin ɗacin. Na sha ce masa da ya yi shelar kawai, me zai ci ni? Kwana biyu za a yi ana dariya a bakin rijiya a manta. Sai ya ce, "Ke za ki manta. Ni da zan faɗa da bakina a wuri huɗu fa?"

Ɗakin haihuwa ya tashi, fari da shuɗi. Ba katangar da ta tsage, ba wanda ya ga komai, in ban da wata ma'aikaciya da ta rantse ana matsar mata da takalmi, ita kuwa kowa ya san ba ta san inda take ajiye kayanta ba. Jikokina uku a nan aka haife su. Matar Ustazu ma a nan ta sauka, ni na riƙe ta. Da aka kai wa Malam jikarmu ta fari da aka haifa a wurin, ya karɓa ya ce, "To, ko ba komai furar ta yi rana." Na ce ya yi shiru kada a sake kiran kwamiti.

Bari in tsaya kaɗan.

Ya rasu ranar wata Alhamis da hantsi, bayan zazzaɓin kwana biyar. Ina zaune a gefensa na ji lasifika ta yi ƙara, ladan ya hura ta sau biyu, ya faɗi sunan mijina, ya ce jana'iza bayan azahar. Bai gai da mutane ba. Na ji kamar in juya in ce, Malam ji fa. Unguwa ta cika, har daga Miga da Aujara aka zo. Ustazu ne ya shiga kabari ya karɓe shi.

Sai da na fita takaba abin ya faɗo mini. An gaya wa masallaci, an gaya wa mahauta, an gaya wa 'yan dara, har rediyo an kai. Mutum ya yi shekara arba'in yana zuwa ƙofar maƙwabtan ɓoye yana cire takalmi, ba wanda ya je ya gaya musu ya tafi. Ko lasifika na kai musu, ban sani ba. Amma ba da su take ba.

Na je na sami Ustazu na ce, "Sanarwa ba abinci, har yanzu tana nan a littafin?"

Ya dube ni, ya gane. Ya ce, "Inna, je ki. Hannu sake dai."

Na ce, "Garma fa?"

Ya ce, "Garma ba a sha."

Bayan la'asar na sauko da ita daga bayan ƙyaure. Ta fi yadda na zata nauyi. Na bi ta bayan ɗakin haihuwa, inda yanzu ake shanya zannuwan gado, na isa bakin kogo. Na cire takalmi. Na buga sau ɗaya a hankali, yadda yake yi.

Na ce, "Salamu alaikum masu wuri. Ba mai unguwa ya aiko ni ba, ni ce matar mai shela, mai kawo fura a da. Wanda ke zuwa yana gaya muku abubuwa ya rasu. In ya taɓa saɓa muku ku yafe masa. In kuna cikin masu sallah, ku sa shi a addu'a." Na tsaya na yi kukana har ya ishe ni. Wata akuya tana saman dutse tana kallona tana tuƙa.

Da na juyo, wata ma'aikaciyar asibitin, baƙuwa ce ba ta san ni ba, tana tsaye da bokiti tana dubana.

Ta ce, "Inna, lafiya? Wani kike nema?"

Na ce, "A'a 'yata, saƙo na kawo, na kuma bayar."

Na sa takalmina na dawo gida, na mayar da garmar bayan ƙyaure.